Littafi Ya Ce Akwai, Sito Ya Ce Babu: Ƙidayar Bayanai A Na'ura Mai Ƙwaƙwalwa

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa riƙe sito ya san ranar ƙidayar kaya. A rufe ƙofa, a ɗauko littafi, akawu yana karantawa, yara suna lissafa buhuna ɗaya bayan ɗaya, har sai abin da ke rubuce ya yi daidai da abin da ke jibge a ƙasa. In littafi ya ce buhu 400 aka ƙirga aka sami 392, to, babu mai tashi sai an gano inda takwas suka shiga. Wannan al'ada ce da ba a yi wa gardama, ko a Dawanau ta Kano, ko a Mile 12 ta Legas, ko a Bodija ta Ibadan.

Abin mamaki shi ne, 'yan kasuwar da ba su yarda wata ya wuce ba a ƙirga musu buhuna ba, su ne kuma suka zuba dukkan lissafinsu, da takardun filayensu, da sunayen waɗanda suke bi bashi da masu bin su, a cikin na'ura mai ƙwaƙwalwa, watau kwamfuta, suka yi shekara biyar ko goma ba su taɓa tambaya ko an yi wa abin da ke cikinta irin wannan ƙidaya ba. Alhali kuwa ita ma kwamfuta sito gare ta da littafi, kuma su biyun sukan saɓa wa juna ba tare da na'urar ta yi ƙara ko ta nuna wata alama ba.

Sito da littafi a cikin na'ura

Ma'aikatun da fayilolinsu suka yi yawa, kamar bankuna da kamfanonin inshora da asibitoci da manyan dillalan kaya, ba sa barin kowane ma'aikaci ya ajiye fayil inda ya ga dama. Akwai manhaja ta musamman da ake ɗora wa wannan aiki. Ita ke yanke shawarar faifan da za a ajiye kowane fayil, da yawan kwafin da za a yi masa, da lokacin da za a kwashe shi daga faifai mai sauri zuwa kaset mai araha, da kuma ranar da wa'adinsa zai cika a share shi. Ɗaya daga cikin tsofaffin irin waɗannan manhajoji ita ce wadda kamfanin IBM ya fitar a shekarar 1993 da sunan ADSM, wadda daga baya ta koma Tivoli Storage Manager, a yau kuma ake kiranta Storage Protect. Akwai kuma NetBackup da wasu da dama.

Kowace daga cikinsu tana riƙe da rajista, watau rumbun bayanai inda take rubuta sunan kowane fayil, da girmansa, da ranar da aka ajiye shi, da ainihin gurbin da yake zaune. Fayil yana wuri guda, labarinsa yana wani wuri dabam. Idan manaja ya nemi rasit na shekara uku da suka wuce, manhajar ba ta bin faya-fayai tana lalube. Rajista take tambaya, sa'an nan ta nufi inda rajistar ta nuna mata. Saboda haka duk ranar da rajista ta yi kuskure, fayil ya ɓata ke nan, ko da kuwa yana nan lafiya lau a kan faifai.

Kada mai ƙaramin kanti ya ɗauka cewa wannan magana ta manyan kamfanoni ce kaɗai. Manhajar lissafin da ke kan teburinsa rumbun bayanai gare ta. Wayar da ke aljihunsa ma haka, domin wayoyin Android da iPhone duka suna amfani da wani ƙaramin rumbu mai suna SQLite wajen adana abubuwa da yawa. Hatta shi kansa faifan kwamfuta yana da nasa jadawalin da ke nuna inda kowane fayil ya fara da inda ya ƙare.

Saɓani tsakanin sito da littafi yakan zo ta fuska huɗu. Na farko, rajista ta ce fayil yana nan, a je gurbinsa a tarar babu. Na biyu, fayil yana nan a kan faifai amma rajista ba ta san da zamansa ba. Irin waɗannan ana kiransu marayu, kuma suna cin wurin da kamfani ke biya wa kuɗi ba tare da an iya amfani da su ba. Na uku, rajista ta san fayil, fayil kuma yana nan, amma abin da ke cikinsa ya canza, tamkar a buɗe buhun da aka rubuta wa shinkafa a tarar da rabinsa ƙaiƙayi ne. Na huɗu kuwa, wanda ya fi duka muni, ita rajistar ce da kanta ta rikice, fihirisarta tana nuna shafin da ba shi ba ne, ko kuma fayiloli biyu suna da'awar gurbi guda.

Inda ɓarnar ke shigowa

Babbar ƙofar ɓarna ita ce ɗaukewar wuta a tsakiyar rubutu. Manyan rumbunan bayanai irin su SQL Server na kamfanin Microsoft da kuma PostgreSQL suna rubutu ne shafi-shafi, kowane shafi mai girman bayit 8,192. Shi kuwa faifai yana karɓar rubutu ne gutsure-gutsure, bayit 512 ko 4,096 a kowane gurbi. In wuta ta ɗauke bayan an rubuta rabin shafi, sai a wayi gari da shafi mai rabin sabon lissafi da rabin tsoho, wanda babu ɗaya daga ciki da za a dogara da shi.

Masu ƙera manhaja sun daɗe da sanin wannan, shi ya sa suka fito da dabarar da za a iya kira littafin niyya. Kafin rumbu ya taɓa rajista, sai ya fara rubuta abin da yake shirin yi a wani littafi dabam. Idan wuta ta dawo, sai ya duba littafin, ya ƙarasa aikin da ya kammala niyyarsa, ya warware wanda ya tsaya a rabi. Dabarar tana aiki matuƙa, amma da sharaɗin faifai ya faɗi gaskiya. Akwai faya-fayai da na'urorin sarrafa su da kan ba da amsa cewa rubutu ya zauna, alhali yana riƙe ne a ƙwaƙwalwar wucin gadi wadda ke gogewa da zarar wuta ta tafi. A ƙasa irin Nijeriya, inda babban layin wutar lantarki na ƙasa ya durƙushe sau da dama a shekarar 2024, inda kuma ofisoshi ke sauyawa daga wutar gari zuwa janareta kusan kullum, wannan haɗari ya fi kusa da mu fiye da yadda yake ga waɗanda suka ƙera na'urorin. Batirin na'urar riƙe wuta kuwa yana tsufa, kuma sau da yawa ba a sanin ya mutu sai ranar da aka buƙace shi.

Ƙofa ta biyu ita ce lalacewar faifai a ɓoye. A shekarar 2008 masu bincike daga Jami'ar Wisconsin ta Amurka da Jami'ar Toronto ta Kanada, tare da kamfanin NetApp, suka fitar da sakamakon nazarin da suka yi wa faya-fayai miliyan 1.53 da ke aiki a wuraren abokan cinikin kamfanin har tsawon wata 41. Sun sami wurare fiye da 400,000 inda abin da aka karanta daga faifai ya saɓa wa abin da aka rubuta masa, ba tare da faifan ya ba da rahoton kuskure ba. Kimanin kashi 8 cikin ɗari na waɗannan an gano su ne a lokacin da wani faifai ya riga ya mutu ana ƙoƙarin sake gina bayanansa daga 'yan'uwansa, watau a daidai lokacin da babu sauran madogara. Nazarin ya kuma nuna cewa faya-fayai masu araha sun fi na manyan ma'aikatu faɗawa wannan matsala nesa ba kusa ba.

Ƙofa ta uku kurakuran manhaja ne, ta huɗu kuma hannun ɗan Adam. Ma'aikaci ya ga faifai ya cika, sai ya shiga kai tsaye ya share tsofaffin fayiloli ba tare da ya bi ta manhajar da ke kula da su ba, rajista kuwa tana nan tana lissafa su. Wani kuma ya kwafi fayil ɗin rumbun bayanai alhali rumbun yana buɗe ana rubutu a cikinsa, ya ajiye kwafin a aljihun tebur yana mai natsuwa, bai san cewa abin da ya kwafa ba zai taɓa buɗuwa ba.

Yadda ake ƙidayar

Tantance daidaiton rumbun bayanai mataki-mataki ne, kuma kowane mataki yana kama irin ɓarnar da na bayansa ba ya gani.

Matakin farko shi ne hatimi. A lokacin da ake rubuta shafi, na'ura takan yi wani lissafi a kan dukkan abin da ke cikinsa ta fitar da lamba guda, ta ajiye ta. Duk ranar da aka sake karanta shafin sai a maimaita lissafin. In lambar ta fito dabam, an taɓa shafin ke nan, ko da harafi ɗaya ne ya canza. SQL Server ya fara sa wa shafukansa irin wannan hatimi a fitowarsa ta 2005. PostgreSQL ya samar da shi a 2013, amma sai wanda ya kafa rumbun ya kunna shi da kansa, kuma sai a fitowa ta 18, a shekarar 2025, aka mayar da shi kunnanne tun daga farko. Ma'anar wannan ita ce akwai ɗimbin rumbunan da aka kafa kafin lokacin waɗanda ke aiki har yau babu hatimi. Tsarin ajiya na ZFS, wanda kamfanin Sun Microsystems ya fitar a 2005, yana sa wa kowane gutsure hatimi, yana kuma da umarnin da ke bin faifai gaba ɗaya yana karantawa yana gwadawa.

Sai dai hatimi ba ya magana sai an karanta shafi. Rasit ɗin da aka ajiye shekara huɗu ba a buɗe ba zai iya lalacewa tun a shekarar farko babu wanda ya sani. Dalili ke nan da ya sa ake tsara wa na'ura lokaci ta bi komai ta karanta, har da abin da babu mai nema.

Mataki na biyu shi ne duba ginin rajistar kanta, a tabbatar kowace fihirisa tana nuna shafin da ya dace, kuma babu gurbin da aka ba mutum biyu. Kusan kowane tsari yana da makamin yin haka. A Windows akwai chkdsk, a Unix da Linux akwai fsck, dukkansu na duba jadawalin faifai. A SQL Server akwai DBCC CHECKDB, a Oracle akwai DBVERIFY, a SQLite akwai integrity_check, PostgreSQL kuma ya ƙara pg_amcheck a shekarar 2021. Yawancinsu suna zuwa ne tare da manhajar, ba a sake biyan kuɗinsu.

Mataki na uku shi ne ainihin ƙidayar kaya, inda ake ɗaukar rajista a hannu ɗaya, faifai ko kaset a ɗaya hannun, a gwada su. A manhajar IBM umarnin AUDIT VOLUME ke yin wannan, a NetBackup kuma akwai NBCC da ke gwada sassan rajistar da juna.

Mataki na huɗu, wanda aka fi yin sakaci da shi, shi ne a ɗauko kwafin ko-ta-kwana a zuba shi a wata na'ura dabam, a buɗe, a yi masa dukkan gwaje-gwajen da suka gabata, sa'an nan akanta ya duba ya ga ko alƙaluman da ya sani suna nan. Gani ya kori ji. Saƙon da na'ura ke aikowa cewa an yi kwafi lafiya ba ya nufin kwafin zai buɗu.

Gyara ba mayarwa ba ne

Akwai wani abu da ya kamata mai kamfani ya fahimta tun kafin ranar tsiya. Yawancin waɗannan makamai suna da fuska biyu, ta dubawa da ta gyarawa, kuma abin da suke kira gyara shi ne su daidaita littafi da sito, ba su dawo da abin da ya ɓata ba. In rajista ta ce akwai fayil aka tarar babu, hanyar da ta fi sauƙin kawo daidaito ita ce a soke sunansa daga rajista. Akawun da ya ga buhu takwas sun yi ƙasa, ya goge 400 ya rubuta 392, ya daidaita littafi, amma bai dawo da ko ƙwaya ɗaya ba.

Kamfanin Microsoft bai ɓoye wannan ba, domin sunan da ya sa wa babban zaɓin gyara na DBCC CHECKDB, watau REPAIR_ALLOW_DATA_LOSS, yana faɗin ƙarara cewa an yarda a yi asarar bayanai, kuma shawarar kamfanin ita ce a fara mayarwa daga kwafi mai kyau, gyara ya zama makoma ta ƙarshe. Haka nan fsck yakan tara gutsattsarin fayilolin da ya tsinta a wani aljihu mai suna lost+found, da lambobi a maimakon sunayensu. Umarnin IBM ma yana da zaɓin da ke ba da rahoto kawai, da wanda ke soke sunayen. Ƙa'ida a nan ita ce a fara da dubawa, a ɗauki kwafin rumbun kamar yadda yake da ɓarnarsa, a karanta rahoto, sa'an nan wanda ke da ikon yanke shawara ya sa hannu kafin a taɓa komai.

Daga nan ne kuma lissafin lokaci ke shigowa. Kwafin ko-ta-kwana juyawa yake yi, sabo yana ture tsoho. A ɗauka cewa kamfani yana ajiye kwafin kwana 30, amma ba ya tantance rumbunsa sai bayan wata shida. In shafi ya lalace a wata na biyu, kowane dare za a riƙa kwafar lalataccen shafin cikin aminci, kuma kafin ranar tantancewa ta zo duk kwafin da ke ɗauke da lafiyayyen shafi ya riga ya tafi. Saboda haka tazarar da ke tsakanin tantancewa biyu dole ta gaza tsawon lokacin da ake riƙe kwafi. Wannan lissafi ne da mai kamfani zai iya yi da kansa ba tare da ya san komai game da na'ura ba.

Kwafi biyar, babu mai tashi

Ran 31 ga watan Janairun 2017, wani injiniya na kamfanin GitLab, wanda ke ajiye wa masu rubuta manhaja ayyukansu, yana ƙoƙarin gyara rumbu na biyu da ya daina tafiya daidai da na farko, sai ya yi kuskure ya ba da umarnin sharewa a kan na farkon. Kafin ya ankara bayanai kimanin gigabayit 300 sun tafi, saura ƙasa da biyar.

Kamfanin yana da hanyoyi biyar na kwafi da kariya a rubuce. Da aka je nema sai aka tarar babu ɗaya da ke aiki yadda aka zata. Babbar hanyar kwafin ta daɗe tana faɗuwa saboda makamin da ke yin kwafin tsohon samfuri ne da bai dace da rumbun ba, saƙonnin gargaɗin da take aikawa kuma ba sa isa ga kowa. Abin da ya ceci kamfanin shi ne wani kwafi da aka ɗauka da hannu kimanin awa shida kafin haɗarin domin wani aiki dabam. Shafinsu ya yi kusan awa 18 a rufe, kuma an yi asarar bayanan da suka shafi ayyuka kusan 5,000 da sababbin masu rajista kusan 700. Kamfanin da kansa ya wallafa wannan bayani, inda ya amince cewa babu wanda aka ɗora wa alhakin gwada kwafin. Mutanen da abin ya faru da su ƙwararru ne a wannan fanni, kuma abin da suka rasa gwaji ne kawai na rabin yini.

Lokacin da aka gaskata na'ura aka ƙaryata mutane

A Birtaniya kuwa abin ya wuce asarar bayanai. A shekarar 1999 Hukumar Gidan Waya ta ƙasar ta fara girka wani tsarin lissafi mai suna Horizon, wanda wani reshen kamfanin Fujitsu ya gina, a dubban ƙananan gidajen waya. Masu riƙe da waɗannan gidajen waya ƙananan 'yan kasuwa ne, galibi masu kanti a unguwa ko ƙauye, kuma yarjejeniyarsu ta sa ana bin su duk giɓin da ya fito a lissafi. Matsayinsu ya yi kama da na wakilan banki masu na'urar POS a unguwanninmu.

Ba a daɗe ba na'urar ta fara nuna giɓi. Mutum ya ƙirga kuɗin aljihun teburinsa ya ga daidai, na'ura ta ce saura dubbai. Hukumar ta tsaya a kan cewa na'urarta ba ta kuskure. Tsakanin 1999 da 2015 an yanke wa mutum fiye da 900 hukunci bisa zargin sata ko zamba ko shirya lissafin ƙarya. Wasu sun shiga kurkuku, wasu sun sayar da gidajensu sun cike giɓin da babu shi, an kuma danganta mutuwar wasu da suka kashe kansu da wannan bala'i.

Ɗaya daga cikin kurakuran da aka gano ya bayyana ne a garin Dalmellington na yankin Sikotilan a shekarar 2015. Allon na'urar yakan sandare a lokacin da ake tabbatar da karɓar kuɗi, kuma duk sa'ad da ma'aikaci ya sake danna maɓalli sai na'urar ta sake rubuta shigar kuɗin a ɓoye. Ta haka giɓin Fam 24,000 ya fito a wannan reshe. A watan Disambar 2019, a ƙarar da mutum 555 suka shigar ƙarƙashin jagorancin Alan Bates, Mai Shari'a Peter Fraser na Babbar Kotun Landan ya yanke cewa tsarin yana da kurakuran da ke iya haifar da giɓi a lissafin rassa, kuma ma'aikatan Fujitsu suna iya shiga lissafin reshe daga nesa. A watan Afrilun 2021 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke hukuncin mutum 39, a watan Mayun 2024 kuma Majalisar Dokokin ƙasar ta yi doka ta musamman da ta wanke ɗaruruwa a lokaci guda.

Wani abu da ya taimaka wa wannan zalunci shi ne sauyin doka. A da, sashe na 69 na wata dokar Ingila ta 1984 ya wajabta wa mai gabatar da shaidar kwamfuta a shari'ar laifi ya nuna cewa na'urar tana aiki daidai. A 1999 aka soke sashen, aka koma ɗaukar cewa na'ura daidai take sai wanda ake tuhuma ya kawo dalilin shakka, abin da mai kantin ƙauye ba shi da halin yi. A watan Janairun 2025 Ma'aikatar Shari'a ta ƙasar ta nemi ra'ayoyin jama'a game da sake duba wannan matsayi.

Abin da dokar Nijeriya ta tanada

Dokar Nijeriya ta bi wata hanya dabam, kuma wannan ya shafi kowane ɗan kasuwa kai tsaye. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya yarda a karɓi takardar da kwamfuta ta fitar a kotu, amma da sharuɗɗa, ciki har da cewa na'urar tana aiki yadda ya kamata a lokacin da ake magana a kai, ko kuma in ta sami matsala, matsalar ba ta shafi ingancin takardar ba. Sashen ya kuma tanadi takardar shaida da wani mai alhakin kula da na'urar zai sa wa hannu. A shekarar 2012, a shari'ar Kubor da Dickson kan zaɓen gwamnan Jihar Bayelsa, Kotun Ƙoli ta ƙi amincewa da wasu takardu da aka ciro daga intanet saboda ba a cika sharuɗɗan wannan sashe ba.

Ɗan kasuwar da ke bin wani Naira miliyan hamsin, wanda duk hujjarsa tana cikin kwamfuta, zai buƙaci wanda zai tsaya gaban alƙali ya ce na'urar lafiyarta ƙalau. In lauyan wanda ake bi ya tambaye shi yaushe aka tantance rumbun na ƙarshe, amsar da za ta tsaya ita ce rahotannin tantancewa masu kwanan wata da sa hannu.

Bugu da ƙari, Dokar Kamfanoni ta 2020 ta wajabta wa kamfani ya adana littattafan lissafinsa har shekara shida. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 kuma ta wajabta wa duk mai riƙe da bayanan mutane ya tabbatar da ingancinsu, ya kare su daga ɓata ko lalacewa ko canzawa, ya kuma sanar da Hukumar Kare Bayanai ta Ƙasa cikin awa 72 in an sami keta da ke iya cutar da masu bayanan. Tarar manyan masu riƙe da bayanai tana iya kaiwa Naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa.

Tambayoyin mai gida

Ba a buƙatar mai kamfani ya koyi sarrafa na'ura, kamar yadda ba a buƙatar ya ɗauki buhu a ka ranar ƙidaya. Abin da ke kansa shi ne ya kira mai kula da kwamfutocinsa, ko kamfanin da ya ba kwangilar, ya yi masa tambayoyi, ya kuma nemi amsa a rubuce.

Ya tambayi ranar da aka yi wa rumbun bayanai cikakkiyar tantancewa ta ƙarshe, ya ce a kawo masa rahoton. Ya tambayi kwana nawa ake riƙe kwafi, ya gwada da tazarar tantancewa. Ya tambayi ranar da aka taɓa zuba kwafi a wata na'ura aka buɗe, da awa nawa aikin ya ci, domin wannan ne tsawon lokacin da kasuwancinsa zai tsaya in abin ya faru. Ya tambaya ko ita rajistar manhajar ajiya tana da nata kwafin a wani wuri dabam, domin kaset dubu ba su da amfani in littafin da ya san abin da ke cikinsu ya ƙone tare da ofis. Ya tambayi wanda saƙon gargaɗi ke zuwa wa, da wanda ke lura in saƙon bai zo ba. Ya kuma tambayi shekarun batirin na'urar riƙe wuta. Sananniyar ƙa'idar ajiya ita ce kwafi uku, a kan kayan ajiya iri biyu, ɗaya daga ciki a wajen ginin.

Za a iya ce masa tantancewa tana nauyaya na'ura, kuma gaskiya ne, domin karanta kowane shafi na babban rumbu yana cin awoyi. Maganin wannan shi ne a yi ta da dare ko a ƙarshen mako, ko kuma a yi ta a kan kwafin da aka zuba a wata na'ura, wanda zai gwada kwafin da abin da ke cikinsa a lokaci guda. Wanda ya ajiye bayanansa a wurin kamfanonin haya ta intanet shi ma bai kuɓuta ba, domin su faifai suke kula masa da shi, amma daidaiton lissafinsa yana wuyansa.

Abu na ƙarshe ya shafi adalci ga ma'aikata. Idan na'ura ta nuna giɓi, akawu ko mai karɓar kuɗi ya rantse cewa bai taɓa ba, to, kafin a kira 'yan sanda a fara kiran wanda zai tantance rumbun, a kuma hana kowa yin gyara a cikinsa sai an ɗauki kwafinsa. Tun a shekarar 1494 Luka Paciyoli ya bayyana a littafin da ya buga a birnin Benis na Italiya yadda 'yan kasuwa ke rubuta kowace shiga sau biyu domin ɓangare ɗaya ya zama shaida a kan ɗaya. Shigowar na'ura ba ta kawar da buƙatar wannan shaida ba.

Masu iya magana sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ya dace ƙungiyoyin 'yan kasuwa da masu binciken kuɗi su sa rahoton tantance rumbun bayanai cikin takardun da ake gabatarwa a ƙarshen kowane wata, a jera shi tare da takardar ƙidayar sito da ta daidaita lissafin banki.